Mu 'yan zango, ina rabonmu a zumuncin baƙar fata?

Tambaya: Malam, ni direba ne a Nima, cikin Accra. Duk Disamba nakan yi jigilar baƙaƙen fatar Amurka da ke zuwa Ghana, in kai su Cape Coast da Elmina. Suna ce mini ɗan'uwa, su shiga kurkukun bayi su fito da hawaye, a raɗa musu Kofi da Ama, a yafa musu kente. A majalisarmu ana cewa wannan harkar Tonawa (Asante) ce da Kiristoci, babu ruwan ɗan zango. Wani ustazu ma ya ce alfahari da launin fata asabiyya ce. Ga shi kuma ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, mu da aka haifa a nan da an ga Musa ko Abdullahi a takarda sai an tambayi garin kakanmu. Muna da rabo a wannan zumunci, ko kuɗin mota kawai zan karɓa in yi gaba?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya. Kuɗin mota dai ka karɓa, guminka ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ninka shi uku don ka ji Turancin mutum ta hanci yake fita. Na yi shekara talatin da biyu ina koyar da tarihi a sakandare, da na ajiye alli kuma na koma raka irin waɗannan baƙi naka, har sai da gwiwa ta ce ta gaji. Rabo kam muna da shi, ya ma fi yadda 'yan majalisarku suke zato. Sai dai rabon kifi ne, da tsoka da ƙaya, kuma ba zan miƙa maka tsokar in ɓoye ƙayar ba.

Shekarun baya wata mata ta zo daga Salbado, babban birnin jihar Bahiya a Barazil. Malamar makaranta ce, baƙa wuluk, in ta yi shiru ka rantse 'yar Mamobi ce. Turancinta kaɗan ne, ni kuwa ko gaisuwa ban iya da harshensu ba, da hannu da ka muke ƙarasa zance. Da safe na bi da ita ta wajen mai koko a bakin titin Nima. Tana hango kasko, ta ga ana ɗiban ƙullun wake ana sakawa a mai yana kumbura, sai ta tsaya cak ta dafe ƙirji ta ce, "Akaraje!" Ashe ƙosanmu ne. A garinsu mata masu fararen kaya ke soya shi da manja a bakin titi, a tsaga shi a cusa yaji da jatan lande, sunan kuma daga akaran Yarbawa ya fito. Wannan bai girgiza ni ba, wake ba shi da ƙabila. Sai da ta ce akwai wani abinci da ake sayarwa a can har gobe, shinkafa mai laushi da busasshen nama, sunansa "arroz de hauçá", wato shinkafar Bahaushe, sannan na ajiye ludayin kokona.

Da la'asar na kai ta Sabon Zango gaida wani tsohon malami, abokin mahaifina, Allah ya jiƙansu duka. Yana kan buzu, mu muna kan tabarma a zaure, sai ta ciro waya ta nuna hoton wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Tana cikin takardun da 'yan sanda suka ƙwace daga hannun bayin da suka yi tawaye a 1835, waɗanda har yau suke ajiye a ma'adanar takardu ta jiharsu. Ta ce an gaya mata Larabci ne, amma wani Balarabe da ta nuna wa ya yi ta kame-kame. Tsoho ya gyara tabarau, ya kawo wayar daf da hanci, ya ja bisimilla ya zarce kamar allonsa yake wankewa. Can ya ɗago ya ce, "Wannan ai hannun gida ne. Dubi fa da ɗigonta a ƙasa, dubi ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya rubuta wannan da tawada da alƙalamin kara ya koya, kuma ya sha bulala." Muka yi dariya. Shi kuwa ya yi shiru yana kallon wayar, sannan ya ce in tambaye ta ko mai rubutun ya dawo gida. Ta girgiza kai, ta buɗe hannu. Tsoho ya ce to, a yi masa fatiha. Muka shafa, ita ma ta kwaikwaye mu ta shafa.

Yadda aka yi hannun gida ya je can kuwa, sanannen abu ne. Da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, ƙasar Hausa ta yi shekaru cikin yaƙi, kowane ɓangare yana kama na ɗaya. Kamammu da yawa an gangara da su ta Nufe da ƙasar Oyo har bakin teku, Legas da Wida da Porto-Novo, jirage kuma suka kwashe su zuwa Bahiya. Cikinsu akwai arna, akwai almajirai, akwai malamai, akwai waɗanda suka san kwari da baka. Ba su zauna lafiya da sarƙa ba. A 1807 aka tona asirin wani shiri da Hausawan Salbado suka ƙulla, har da niyyar ƙwace jiragen ruwa su komo gida. A 1814 suka sake tashi, suka cinna wa wuraren kamun kifi na gefen birnin wuta. Babban tawayen shi ne na daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da wajen mutum 600 suka fito titi da fararen riguna da layu a wuya. Kada in yi mana kwaɗayin abin da ba namu kaɗai ba: a wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, su ne kan gaba, Hausawa suna ciki. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai, aka kashe wasu, aka zane wasu, aka kori da yawa daga cikin 'yantattu zuwa Afirka.

To, ka san inda wasu daga masu komowar suka sauka? Nan, ƙarƙashin hancinka. Wajen 1836 wani rukuni ya iso Accra, mutanen Ga na unguwar Otublohum suka karɓe su suka ba su fili. Da yake komai aka ce musu sai su ce "ta bom", wato ya yi kyau, sai sunan ya bi su: Tabom. Da yawansu Musulmi ne. Sun shigo da ɗinkin tela da gini da haƙar rijiya, gidansu da ake kira Brazil House yana nan a Jamestown, shugaban Barazil Lula ma ya gana da su da ya zo a 2005. Azumah Nelson, ɗan damben nan da tsofaffinku ke kwana gaban talabijin dominsa, jininsu ne. Cikin sunayen gidajensu akwai Aruna. Ka mayar masa da ha ɗinsa ka ji abin da zai fito. Kai da ke kai baƙi Cape Coast, tafiyar awa uku, sau nawa ka ratsa ta Jamestown ba ka tsaya ba? Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu da ke kan hanyar fatake ta zuwa Gwanja, uwarsa Bakatsiniya. An sayar da shi Barazil, ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, aka buga labarin rayuwarsa a 1854. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka sha bautar Barazil suka bar labari da bakinsu.

Dalilin da ya sa abin ya yi kama da na Tonawa da Fante ba boyayye ba ne. Ganuwoyin Turawa a gaɓarsu suke. Elmina tun 1482 'yan Fotugal suka gina ta. Waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa da yawa Jamaika da maƙwabtanta aka kai su, inda aka riƙa ce musu Koromanti, sunayen ranaku irin su Kojo da Kwasi suka rayu, tatsuniyar Anansi, wato Gizonsu, ita ma ta rayu. Saboda haka in an raɗa wa ɗan Jamaika Kofi ba a yi ƙarya ba. Amma dubi lissafin gaba ɗaya. Wajen mutum miliyan 12.5 aka loda a jirage, wajen miliyan 10.7 suka sauka da rai. Kusan miliyan 5 Barazil aka kai su. Waɗanda aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye ba su cika 400,000 ba. Na gaɓar Ghana kuwa kusan ɗaya ne cikin goma na duka. Baƙin da kake ɗauka, yawancinsu ba su san ko daga Senegal ko Kongo ko Ibo kakanninsu suka fito ba. Ghana ce ta buɗe ƙofa ta yi shela, da bikin Panafest tun 1992, da Shekarar Komowa Gida a 2019, cikar shekara 400 da saukar da bayin farko a Bajiniya a 1619. Wanda ya shimfiɗa tabarma shi ake zauna wa. Mu ba mu shimfiɗa tamu ba, sai gunaguni a bayan ɗaki.

Yanzu ga ƙayar. Na taɓa kai wasu baƙi Salaga. Mun ga rijiyoyin, mun ga sarƙoƙi da mari da aka adana, sannan aka kai mu wani rafi a wajen gari inda ake wanke bayi a shafe su da man kaɗe kafin a shiga da su kasuwa, don su yi sheƙi su yi tsada. Mai yi mana bayani ya faɗi sunan wurin: Wankan Bayi. Ya ce akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da gawar wanda ya mutu kafin a saye shi. Wani dattijo ɗan Amurka, mai sanda, da bai ce uffan ba tun safe, ya juyo ya tambaye ni wane harshe ne wannan. Na ce Hausa. Ya ce, ba shi ne na ji kana yi da direba a mota ba? Na ce shi ne. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba. Na sha tsayawa gaban ɗalibai sittin ban ji bakina ya bushe irin na ranar ba.

Sunan wuri ba ya ƙarya. Ayarin da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, madugu a gaba, jakuna a baya, wata da watanni a hanya, ba kanwa da turkuɗi da jar fata kaɗai yake kawowa Gwanja ba. Da mutane a ciki, ana musayarsu da goro. Tonawa kuma tun ƙarni na 18 suna karɓar bayi a matsayin gandu daga Gwanja da Dagomba. A ƙarshen ƙarni na 19 Zabarmawan Babatu suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, har mutanen Gwollu suka kewaye garinsu da ganuwa, Builsa kuma har yau suna bikin Feok a Sandema don tuna ranar da suka kore shi. Kabarinsa yana Yendi. Labarin yaƙe-yaƙensu da Hausar ajami aka rubuta shi. Gaskiya ne cewa a zamanin Babatu cinikin teku ya riga ya mutu, yawancin waɗanda ya kama a nan cikin ƙasa aka sayar da su, gonaki da gidaje. Wannan bai rage mana nauyi ba, ƙara shi ya yi, don yana nufin jikokinsu ba su ƙetare teku ba. Suna nan, muna cin kasuwa ɗaya, wasu muna sahu ɗaya a masallaci.

Har sojan nan da Turawa suka kira Hausawan Glover, da sunan hafsan Ingila da ya tara su, waɗanda aka fara ɗauka a Legas a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu suka fake da kakin Bature. Su aka zo da su yaƙin Kumasi na 1874, da irinsu aka yaƙi Yaa Asantewaa, jarumar Tonawa, a 1900. Wasu gidajen zango daga nan suka samo tushe, wasu daga fataken da suka watse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Ka ga mutum ɗaya: jiya bawa, yau sojan mai mulkin mallaka, gobe mai unguwa. In wani ya ce maka kakanninmu duk waɗanda aka zalunta ne, bai karanta ba. In ya ce duk azzalumai ne, shi ma haka. Igiyar nan mun riƙe ta ta kai biyu, kuma duk wanda zai ce wa baƙon nan ɗan'uwa, gara ya faɗa yana sane da haka. Dattijon mai sanda, da za mu rabu a Tamale, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ina jin da na yi masa kwana-kwana a bakin rafin nan da ba haka ba.

Maganar ustazu kuwa, yana da rabin gaskiya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a bar kiran ƙabilanci don wari gare shi, kuma a huɗubar ban kwana ya ce Balarabe bai fi ba'ajame ba, fari bai fi baƙi ba, sai da taƙawa. Wanda ya ce baƙi ya fi fari don baƙinsa, ya faɗa ramin da ya ce yana gudu. Ba kai ka rina kanka ba, da me za ka yi taƙama? Amma an tambayi Annabi mece ce asabiyya, ya ce ka taimaki mutanenka a kan zalunci. Son naka da taya shi fita daga zalunci ba ya cikin wannan. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah, daidai da halittar sammai da ƙasa. To wanda aka yi shekara ɗari huɗu ana gaya masa launinsa la'ana ne, gashinsa abin kunya ne, kakanninsa ba su da tarihi, in ya miƙe ya ce ni baƙi ne kuma ban ji kunya ba, ayar Allah ya ƙi rainawa. Abin da suke nufi da alfahari ke nan. Mu da muka tashi inda limami baƙi, sarki baƙi, alƙali baƙi, ba mu san zafin wannan miki ba, shi ya sa hawayensu ke mana kama da wasan kwaikwayo.

Wannan muhawara ma ba Turawa suka kawo mana ita ba. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa wa wasu mutanen Sahara da suka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya ƙaryata zancen cewa baƙi la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu ce, ya ce launi ba ya halatta bauta, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda bai halatta a mallake su ba. Shi ma ɗan zamaninsa ne, bai haramta bautar wanda ba Musulmi ba, kuma ta wannan ƙofa aka shigar da ɓarna mai yawa. Amma ka lura, tun shekara ɗari huɗu da suka wuce sai da malami baƙi ya zauna ya rubuta cewa fatarsa ba shaidar bauta ba ce. Da babu masu cewa haka ne, da bai ɓata tawadarsa ba. Ni da ustazun zai juya wa'azinsa kan man bilicin da ya cika shagunan unguwa, duk da hukuma ta hana mai sinadarin haidurokwinon tun 2016, da kan samarin da in za su yi aure sai su ce a nemo musu fara, da na zauna a sahun gaba.

Ka kuma sani ba hannu rabbana waɗannan mutane suka zo ba, bashi muke ci. Baƙin tauraron da ke tsakiyar tutarmu, wanda ɗan ƙwallon nan Kudus ɗan Nima ke sawa a ƙirji, daga kamfanin jiragen ruwa na Marcus Garvey ɗan Jamaika aka aro shi, wato Black Star Line, wanda ya kafa a 1919. Nkrumah shekara goma ya yi a Amurka, a jami'ar baƙaƙen fata ta Lincoln ya fara karatu, a taron haɗin kan Afirka na Mancesta a 1945 kuma shi da George Padmore ɗan Tirinidad suka yi aikin shiryawa. Padmore ya biyo shi nan ya zama mai ba shi shawara kan harkokin Afirka, ɗakin karatu mai sunansa yana nan Accra. Du Bois, masanin nan baƙar fata ɗan Amurka, ya taso yana da shekara 93 ya tare a nan, ya rasu ran 27 ga Agusta 1963, jajibirin babban gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washinton, kabarinsa yana Cantonments. Shi ya sa daren 6 ga Maris 1957 Nkrumah ya ce 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya. Martin Luther King yana garin a ranar. Ga wanda ya ce harkar Kiristoci ce: a watan Mayu 1964 Malcolm X, Musulmin nan ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya zo Accra, bai daɗe da sauke farali a Makka ba, ya yi jawabi a jami'ar Legon, kuma cikin waɗanda suka shirya masa liyafa akwai jakadan Najeriya a Ghana, Alhaji Isa Wali, Bakano.

Saura maganar takarda, wadda na san ita ce ta fi ci maka rai, kuma ban ga laifinka ba. Tun 2000 akwai dokar da ta ba jikokin bayi damar neman izinin zama na dindindin. An rantsar da 34 a matsayin 'yan ƙasa a 2016, da 126 a 2019, da 524 a Nuwamba 2024. Haɗa ukun, ba su kai 700 ba, ba za su cika masallacin Juma'a ɗaya a Nima ba. Ba su suka tare maka layi ba. Mai tare maka layi shi ne tunanin da ke cewa ɗan ƙasa na gaske sai mai suna kaza daga ƙauye kaza, alhali tsarin mulkin 1992 cewa ya yi in ɗaya daga iyayenka ko kakanninka ɗan Ghana ne, kai ma haka. Ni a ganina zuwansu hujja ce a hannunmu. Ƙasar da ta ce wa wanda kakansa ya bar nan shekara ɗari uku da suka wuce "sannu da zuwa gida", da wane baki za ta ce wa jikan wanda ya zauna Sabon Zango tun zamanin Malam Bako, wanda ya kafa unguwar, baƙo? Wannan magana a faɗe ta a rediyo, a faɗe ta gaban ɗan majalisa. Ka faɗa wa fasinjojinka ma. Mutanen da aka hana kakanninsu ƙuri'a da wayon takarda sun fi kowa saurin gane irin wannan.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka yi korar baƙi. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin lokacin ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Maƙwabcinmu Bayarabe ne mai shagon kayan koli, a nan aka haifi 'ya'yansa duka, babban ɗansa abokin ƙwallona. Na ga matarsa ta baje tukwane da gadon ƙarfe da keken ɗinki a ƙofar gida tana sayarwa a kuɗin goro, mutanen da suka sha cin tuwonta suna taya ciniki suna ragewa. Uwata ta ƙi fita, ta ce ba za ta sayi hawaye ba. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan nan, a farkon 1983, Najeriya ta rama, aka koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da take amsawa yau, Ghana Must Go. Duka biyun baƙi ne ya kori baƙi, bayan duk tarurrukan haɗin kan Afirka da aka yi a garin nan a 1958. Tun daga lokacin, in na ji ana kirarin mu duka ɗaya ne, nakan duba in ga me mai kirarin yake yi wa na kusa da shi.

Mu ma a duba mu. Har yau akwai gidajen da in an zo neman aure sai a koma ɗaki a yi ƙus-ƙus, a ce a bincika asali, kakarsa ai sayenta aka yi. Yarinyar da ta taso daga arewa tana dakon kaya da kwano a Agbogbloshie ko Kejetia, wa ya fi mu yi mata tsawa? Muna jin zafi in mutanen kudu sun ce mana pepe, kalmar raini ga ɗan arewa, mu kuma kalmar arne ba ta mana nauyi a baki. Ba zai yiwu ka rungumi jikan bawa don ya sauko daga jirgin sama da dala a aljihu, ka hana jikan bawa na bayan gidanku 'yarka ba.

Abin taƙama kuwa muna da shi, kuma na aiki ne. Kalmar zango kanta, ma'anarta inda ayari ke sauka. Kakanninmu sun gina unguwanni sukutum a kan ka'ida ɗaya: baƙo ya iso da dare, fatoma ya ba shi ɗaki da ruwa, ya ajiye masa dukiyarsa, ya tsaya masa a ciniki, kafin a tambaye shi ɗan wane ne. Haka Bawangare da Bamoshe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Kotokoli suka zama mutanen unguwa ɗaya, da harshe ɗaya na kasuwa. Waakye da koko da tuwon zafi da duk Ghana ke ci, ka saurari sunayensu. Muna da Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, da ya rubuta zuwan Nasara a waƙe da Hausa da Larabci, ya rasu a 1934. Muna da Shehu Sharubutu, babban limamin ƙasa, da ya taka har cocin Katolika na Christ the King a 2019, yana cika shekara ɗari, ya zauna cikinsu. Waɗannan ba sa cikin takardar yawon da ake raba wa baƙinka, kuma ba wanda zai sa su in ba irinku ba.

Saboda haka in Disamba ta zo, kafin ka ɗauki hanyar Kasoa, ratsa da su Jamestown su ga gidan Tabom. Tsaya musu wajen mai koko, a ƙara musu ƙosai. Kada ka ce musu Bature ko oburoni ko da wasa, yana yi musu ciwo fiye da yadda kake zato. Wanda ya ce yana son ganin arewa, gaya masa akwai Salaga, ta Tamale ko ta jirgin fito na Yeji, kuma in kun je bakin rafin nan ka fassara masa sunan yadda yake. Hoton takardar Bahiya yana wajena, matar ta bar mini. Ka biyo ta Sabon Zango bayan la'asar in tura maka a waya, ka kai wa ustazun naku ya karanta, ya gaya maka hannun wa ya gani.